Uwa da Ƙwayayenta a Tsibirin Asenshon

'Yan'uwa, a tsakiyar tekun Atlantika akwai wani ɗan tsibiri mai duwatsu, sunansa Asenshon. Mutanen Fotugal ne su ka raɗa masa sunan a 1503, gama ran tunawa da hawan Ubangijinmu zuwa sama ne su ka gan shi.

Kowace shekara, daga Disamba zuwa Yuni, kunkurun teku, wato manyan 'yan'uwan kififiya, su kan iso can daga gaɓar Brazil inda su ke kiwon ciyawar ruwa. Tafiyar ta kai mil 1,400, ba su kuwa samun abincin kirki a hanya. Da dare uwa ta kan fito bisa rairayi, ta haƙa rami, ta zuba ƙwai fiye da 100, ta rufe, ta koma ruwa. Wa ya nuna mata hanya? Mun san wanda ya cika ruwaye da masu rai a rana ta biyar.

Amma ku ji abin da mutum ya yi. Ma'aikatan jiragen ruwa su kan jira uwa ta fito, su kife ta rigingine, su tsare ta cikin tafkunan dutse a Georgetown, har jirgi ya kai ta Ingila a yi miya. Cikin Kubawar Shari'a sura 22 Allah ya umurci Isra'ila kada wanda ya tarar da sheƙar tsuntsu ya kama uwa tare da ƙwai, sai ya sake ta. Dokar ba ta hana mayunwaci ci ba. Haɗama ta hana, irin wadda ke cinye uwa da zuriyarta gaba ɗaya. Mu ma kada mu yi saurin zargin matuƙan nan, gama mun san yadda mu ke yi da zabuwa a kan ƙwai.

Cinikin ya mutu a shekarun 1930. Kunkuru kuwa ya kan yi shekara 20 ko fiye kafin ya fara haihuwa, saboda haka yawancin waɗanda su ka janye hannu ba su ga amfanin ba. A 1977 ramukan ƙwai ba su kai 4,000 ba. A 2013 sun wuce 23,000. A 2019 kuma aka keɓe ruwan da ke kewaye da tsibirin.

Duk da haka taru na masunta yana nan a gaɓar Brazil, uwar da ta tsira a Asenshon kuwa can ta ke komawa kiwo.