Hukuncin Alƙalin Wasa Ba Ya Halatta Abin Da Ba Naka Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, da zarar an kai gero rumbu sai filayen kokawa su cika a ƙasar Tasawa da Mayahi, tun daga Korgom da Maijirgi har Kanambakashe. Wannan tsohon abu ne gare mu. Tun a 1975 aka fara gasar Takobi ta ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ci, kuma filin kokawar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Ita kokawa ba ta da laifi a asali, domin Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya kama da Rukana ya kayar da shi. Maganar layu da bokaye da caca da ake cusawa a cikinta, wannan sai wani zama.

Abin da muke son dubawa yau shi ne mutumin da ke tsaye tsakanin 'yan kokawa biyu da usur a bakinsa. Sunansa alƙalin wasa, kuma ba a banza Bahaushe ya ba shi sunan alƙali ba. A ƙauye ba shi da albashi, ba shi da mai tsaronsa. Ɗaya daga cikin masu kamawar yana iya zama ɗan ƙanwarsa, ɗayan kuma baƙo ne da ya zo a amalanke. Ga maigari zaune, ga makaɗa suna zuga. A nan ne wasicin Sayyidina Umar ga Abu Musa al-Ash'ari yake hawa kansa, inda ya umarce shi ya daidaita mutane a fuskarsa da mazauninsa, don kada babba ya sa rai da son kai, kada kuma mai rauni ya ɗebe tsammanin adalci. In ya karkata da gangan ya ci amana, ko da abin da ake nema bai wuce turmin atamfa ba.

Kuskure kuwa daban ne. Ido yana iya ruɗuwa cikin ƙura. Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kuskure ba mazambaci ba ne, kuma bai halatta a zage shi ko a bi shi da jifa ba, kamar yadda ake gani a wasu filayen ƙwallon samari. A nan masu wasan zari-ruga sun fi mu tsari. Mutum goma sha biyar ne kowane ɓangare, ƙarti majiya ƙarfi, amma a al'adarsu kyaftin ne ke yi wa alƙali magana. Wanda ya yi musu bayan an yanke hukunci, sai a ƙara matsar da su baya mita 10. Wanda aka ɗaga wa katin gargaɗi ya fita fili minti 10 ya huce. Dokarsu ta ce muddin ana wasa, abin da alƙali ya gani shi ne ya faru.

To, amma nan ne tambaya mai nauyi take. Mutum biyu sun faɗi tare, ƙura ta turnuƙe, alƙali ya ɗaga hannunka. Kai kuwa ka san bayanka ne ya fara taɓa ƙasa. An miƙo maka rago da buhun gero. Halal ne?

Wani zai ce ai alƙali ya yanke, kuma duk wanda ya shiga fili ya yarda da hukuncinsa, daidai ko kuskure. Gobe ma in an kuskure a kaina haƙuri zan yi. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ita ce ta sa wanda aka kuskure wa ya wajaba ya fita lafiya ba tare da tada husuma ba. Sai dai a ganina ba ta wanke wanda ya sani. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ummu Salama cewa Annabi (SAW) da kansa ya gargaɗi masu kawo ƙara gabansa: yana hukunci ne da abin da ya ji, kuma wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa to yankin wuta aka yanka masa. In hukuncin Manzon Allah bai mayar da haƙƙin wani ya zama naka ba, ina ga usur ɗin alƙalin ƙauye? Wanda ya sa ragon ya sa shi ne don wanda ya yi kaye, ba don wanda aka ɗaga wa hannu bisa ruɗi ba.

Na san abin da wuya. Saurayin da garinsu duka ya rako, ana yi masa kirari, 'yan mata na guɗa, ya buɗe baki ya ce "ni na faɗi", wasu ba za su yafe masa ba har baɗi. In bai iya faɗa a fili ba, hanya ba ta toshe ba: ya bari taro ya watse, ya sami alƙalin da dattijo ɗaya ya gaya musu, a ja ragon a kai wa mai shi a garinsu. Wallahu a'alam.