Rangwamen Haraji: Kyauta Ce Ko Amana?

Wata hira ce da muka yi da gwaggona ta sa na ɗauki alƙalami. Gwaggo ta yi shekaru masu yawa a unguwar Kurayyat ta birnin Jidda tana kasa kayan miya a ƙofar gida, kafin rusau ɗin da aka yi wa tsofaffin unguwanni daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 ya tashe su. Ranar wata Juma'a na kai mata ziyara inda ta koma, na tarar tana yanka tumatir, jajir da shi, girmansu ɗaya kamar an auna. Na ce mata ai wannan a rumfar leda ake noma shi, ana ba shi ruwa ɗigo-ɗigo ta siraran bututu, kuma ko a gida Nijeriya gwamnati ta yafe harajin shigo da irin waɗannan kaya. Sai ta ɗago kai ta ce: "To ɗan nan, shi babanka da ke Kura, nawa aka yafe masa?"

Na yi shiru, domin kuwa duk da digiri na biyu da nake yi, ban da amsa. Mahaifina manomin rani ne, ya fi shekara talatin yana noma tumatir da albasa da ruwan madatsar Tiga, bai taɓa shigo da ko allura daga waje ba. Tun daga ranar tambayar take cina a rai: idan hukuma ta yafe wa wani haraji don ya sayi na'urar noma, kuɗin wa ta yafe, kuma me ya hau kan wanda aka yafe wa?

Bari mu fara da abin da ya faru. A 2016 wata tsutsa da manoma suka raɗa wa suna Sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan lamarin. A wannan shekara ce kuma aka buɗe masana'antar sarrafa tumatir ta Ɗangote a Kadawa, wadda aka gina don ta riƙa cin tan 1,200 a kullum, amma ta sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir. A 2017 gwamnatin tarayya ta fito da tsari na musamman: ta ɗaga harajin markaɗaɗɗen tumatir da ake shigowa da shi daga kashi 5 zuwa kashi 50 cikin ɗari, ta ɗora dala 1,500 a kan kowane tan, sannan ta cire harajin kwastan daga kayan kafa rumfar leda. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ita ma ta ɗauke wa sababbin kamfanonin noma harajin riba na shekara biyar ta farko.

A takarda, duk wannan abin yabo ne. To amma fa, mai karatu, harajin da aka yafe ba daga sama ya faɗo ba. Kuɗi ne da ya kamata ya shiga baitulmali a sayi magani ko a gyara aji, aka bar shi a aljihun wani. Bambancinsa da kuɗin da gwamnati ta ƙirga ta miƙa wa mutum shi ne wannan ba a ganin fitarsa, saboda haka ba mai tambayar inda ya tafi. Ke nan har da mahaifina a cikin waɗanda suka biya, ko da yake ba a shawarce shi ba.

Sai mu duba wanda rangwamen ke isa gare shi. Bahaushe ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ba a yafe wa mutum harajin kwastan sai yana da abin shigo da kaya, ba a kuma yafe masa harajin riba sai yana da kamfani mai rajista. Ƙaramin manomi ba ya cikin ko ɗaya. Nasa harajin daban ne: kuɗin shiga kasuwa, da la'adar dillali a Kwanar Gafan, da rasit-rasit ɗin da ake yanka wa direba a hanya kafin mota ta isa kasuwar Mile 12 a Legas, waɗanda duk a farashin kwandonsa ake cire su. Ga kuma man da injin ban-ruwa ke sha, wanda ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafi a Mayun 2023. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da rangwamen ya taɓa.

Wani abokin karatuna ya ƙalubalance ni a kan wannan, kuma hujjarsa tana da ƙarfi. Ya ce sabon abu ba ya taɓa farawa daga hannun talaka, domin wanda gonarsa ita ce abincin iyalinsa ba zai yi gwaji da ita ba. Sai mai hali ya saya, ya yi asara, ya koyi darasi, makanikai su laƙanci gyara, farashi ya sauko, sannan na ƙasa su samu. Na yarda da rabin maganarsa. Kakana da jigo yake ban-ruwa, mahaifina kuwa da inji. Sai dai injin nan bai gangaro daga gonar attajiri da kansa ba. Hukumomin raya karkara irin su KNARDA a shekarun 1980, da shirin Fadama da aka fara da tallafin Bankin Duniya a farkon shekarun 1990, su suka kai ƙananan injuna da rijiyoyin bututu har bakin fadama, a kan farashi mai sauƙi ko bashi, daidai ƙarfin mai eka ɗaya. Wato dai alheri ba ya gangarowa sai an haƙa masa hanya, kamar yadda ake yi wa ruwan rafi.

A nan ne na tuna karatun zaure. Shari'a ta riga mu tunanin wannan mas'ala a babin zakkar amfanin gona. Abin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ushiri, wato ɗaya cikin goma. Abin da aka shayar da wahala da kashe kuɗi, kamar jan ruwa daga rijiya, rabin ushiri ne, ɗaya cikin ashirin. Wannan sassauci ne ƙarara ga wanda ya sa kayan aiki a gonarsa. Amma dubi yadda aka gina shi. Mai jigo da mai babban inji duk hukuncinsu ɗaya, ba sai an yi rajista ko an san wani a ofis ba. Wanda bai kai nisabi ba, wato sa'i 300, ba a karɓar komai a wurinsa. A mazhabar Malikiyya ma kayan lambu irin su tumatir da kankana babu zakka a kan ainihinsu, ko da yake Imam Abu Hanifa yana ganin akwai. Ba ina cewa haraji da zakka abu ɗaya ba ne. Abin da na ɗauka shi ne ma'aunin: wahalar da mutum ya sha ake dubawa, ba girman jarinsa ba.

Ƙasar da muke zaune ita ma tana da darasi. Daga ƙarshen shekarun 1970 Saudiyya ta tallafa wa noman alkama da bashi marar ruwa da rangwamen injuna, tana kuma sayen amfanin da farashin da ya ninka na kasuwar duniya. Shirin ya yi nasara har ƙasar ta riƙa sayar da alkama waje, amma ya zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa da ya daɗe yana taruwa tun kafin kakannin kakanni. A 2008 hukuma ta yanke shawarar rage sayen a hankali har zuwa 2016. Waɗanda za su ji raɗaɗin wannan ruwa da ya tafi, da yawansu ba a haife su ba lokacin da aka yi rabon. Su ma suna da haƙƙi a cikin lissafi.

Saboda haka, a nawa ɗan guntun tunanin, rangwamen haraji halal ne kuma yana da amfani, amma amana ce, ba kyauta ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfanin da aka ɗauke wa haraji ya kamata a rubuta abin da zai mayar: manoma nawa zai saya daga hannunsu, a wane farashi, matasa nawa zai koya wa aiki. A riƙa bayyana wa jama'a adadin da aka yafe duk shekara da sunan wanda ya amfana. Sannan a kai sassaucin kan abin da hannun ƙaramin manomi ke kaiwa, kamar injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, da kwandon roba da ke hana tumatir dagargajewa a hanya, da ɗakin sanyi na ƙungiyar manoma.

Daga ƙarshe, kada mu nuna wasu da yatsa mu manta kanmu. Yawancinmu da tallafi muke karatu, ko na jiha ko na ƙasar da ta karɓe mu. Mu ma an fifita mu da dukiyar jama'a bisa zaton amfaninmu zai koma kansu, kuma gobe wasunmu ne za su zauna a ofisoshin da ake rubuta irin waɗannan dokoki. Ni dai har yanzu ban ba Gwaggo amsa ba. Na yi mata alkawarin idan na koma gida, duk takardar da ta biyo ta teburina zan fara karanta ta da idon mutumin Kura. Allah Ya ba mu ikon sauke nauyi.