Kujerar Kansila Amana Ce

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, sau da yawa mutanen kirki sukan guje wa takarar kansila, suna cewa neman mulki ba halin mumini ba ne. Maganarsu tana da tushe, domin Imamu Muslim ya ruwaito cewa Abu Zarri ya roƙi Manzon Allah (S.A.W.) muƙami, sai ya hana shi, ya nuna masa rauninsa da nauyin amanar ranar Lahira. Amma kuma a Suratu Yusuf, aya ta 55, Annabi Yusufu (A.S.) da bakinsa ya nemi a danƙa masa taskokin Masar, saboda ya san aikin, kuma zai tsare dukiyar. Daga nan malamai suka fahimci cewa abin zargi shi ne neman muƙami don kwaɗayi. Wanda ya cancanta kuwa, ya ga haƙƙin jama'a zai salwanta, babu laifi ya fito.

Haƙƙin nan ba ƙarami ba ne. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi 774 kula da kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu da kwashe shara, da sa hannu a ilmin firamare da kiwon lafiya. Kansila shi ne bakin mazaɓarsa a majalisar da ke yin dokokin waɗannan ayyuka da amincewa da kasafin kuɗinsu. In ya yi barci, talaka ne zai sha ruwan kududdufi.

Mai niyyar tsayawa sai ya kasance ɗan ƙasa, mai rajistar zaɓe, mai ilmin sakandare, wanda ya kai shekarun da doka ta ƙayyade. Dole ne jam'iyya ta tsayar da shi, sa'an nan a miƙa takardunsa ga hukumar zaɓe ta jiha, domin ita ke gudanar da wannan zaɓe, in ban da Abuja inda INEC ke yi.

Kafin ya sayi fom, ya yi istihara, ya shawarci dattawan unguwa. Kada ya yi takardar jabu, kada ya sayi ƙuri'a, domin Annabi ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Wanda ya ci bashi ya sayi kujera, daga baitulmalin jama'a zai biya.

Allah Ya ba ƙasa shugabanni masu tsoronSa, amin.