Yaro Ya Karanta Bai Gane Ba: Kunyar ta Wa Ce?

Wata ranar Juma'a bayan La'asar na shiga gida gaida Hajiya, mahaifiyarmu, na tarar an kawo mata magani daga kemis. Ga kwalba, ga 'yar takarda a ninke cikin kwalin. Hajiya ba ta yi boko ba, idon ma ya yi rauni, sai ta ƙwala wa jikanta kira, ɗan ƙanena da ke aji biyar na firamare. Ta ce, "Maigidana, zo ka ci kuɗin makarantarka." Yaro ya karɓi takarda ya gyara tsayuwa, ya yi ta zuba Turanci tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu. Hajiya na ta murmushi tana "Masha Allah". Da ya kai ƙarshe sai ta ce, "To, me suka ce? Kafin abinci zan sha ko bayan abinci?" Yaro ya dubi takarda, ya dubi ƙasa, ya yi shiru. Nan take ubansa ya daka masa tsawa, ya fara lissafo abin da yake biya duk zango.

Tun ranar nake juya abin a raina. Yaron ne ya fita daga ɗakin da hawaye, amma anya kunyar tasa ce?

Mu fara da ita kanta kalmar. Bahaushe kan ce "karatu" yana nufin abu biyu. Na farko shi ne haɗa baƙi da wasali har baki ya fitar da kalma daidai. Na biyu shi ne maganar ta shiga kai, mutum ya san abin da aka ce, ya iya maimaita shi da bakinsa, ya kuma yi aiki da shi. Wasu masana biyu, Gough da Tunmer, sun bayyana a 1986 cewa fahimtar rubutu kamar lissafin sau ne: iya furta kalma sau fahimtar harshen da aka yi rubutun da shi. Duk ɗan kasuwa ya san komai yawan kuɗi in aka buga shi sau sifili, sifili za a samu. Ɗan ƙanena ya ci ɓangaren farko, na biyun ne babu. Kuma ba shi kaɗai ba ne. A 2022 Bankin Duniya da wasu hukumomi sun ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kusan yara tara cikin goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi a lokacin da suka kai shekara 10.

Mu nan Sabo lamarinmu ya ƙara da wani nauyi. Yaronmu na tashi da Hausa a gida. Da ya fita titi ko ya leƙa Mokola, Yarabanci ne. A aji Turanci, da yamma kuma Larabci a Islamiyya. Harshe huɗu a kan yaro ɗan shekara bakwai! Arziki ne babba, domin da irin wannan baki ne kakanninmu suka yi cinikin goro da shanu tun da aka kafa unguwar nan a 1916. Sai dai a cikin huɗun, wanda ya fi ji shi ne ba a koya masa karatu da shi. Tsarin ilimi na ƙasa da aka fitar a 1977 ya ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankin da yake zaune, kuma a Ibadan harshen yanki Yarabanci ne. Makarantun kuɗi kuwa tun daga nazare Turanci suke ɗura wa yaro, mu ma iyaye abin da muke so ke nan. Alhali a nan kusa da mu, a Ile-Ife, marigayi Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci har shekara shida, Turanci na matsayin darasi guda. Yaran ba su koma baya a Turanci ba, kuma sun fi takwarorinsu gane darussa. Yaro ya fi saurin kama ma'ana da harshen da yake tunani da shi.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya fi damuna shi ne mu manya mun ga alamun, muka yi shiru, saboda sautin yana yi mana daɗi. Ranar bikin yaye ɗalibai yaro ya hau mumbari ya kwararo jawabin da aka haddatar masa, mu tashi mu yi masa liƙi, mu ɗauka a waya mu tura wa 'yan'uwa a Kano da Sakkwato. Babu wanda ya taɓa jan shi gefe ya ce, "Me ka faɗa ɗazu?" A jarrabawa ma yaran sun gano dabara: a duba kalmar da ke cikin tambaya, a nemo layin da take a cikin labarin, a kwafe shi ɗungurungum. Malam ya ba da maki, makaranta ta buga sakamako mai kyau, uba ya biya kuɗi da farin ciki. Kowa ya samu abin da yake so, ban da yaron. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Kuma akwai darasin da yaron ke ɗauka a ɓoye, wanda ya fi rashin Turanci illa. Yana koyon cewa nuna kamar ka sani ya wadatar. In ya ce "ban gane ba", a yi masa dariya ko a kira shi daƙiƙi. In ya yi shiru ya gyaɗa kai, a bar shi lafiya. Shekara shida ana haka, me muke zato zai zama? Shi ne gobe zai sa hannu a takardar haya ko ta bashi bai san abin da ke ciki ba, don yana jin nauyin tambaya. Shi ne za a turo wa saƙo a WhatsApp ya tura gaba bai auna ba, kuma mu da muke zaune cikin wasu mun san abin da jita-jita ɗaya ke iya jawowa unguwa. Ashe maganar ta wuce aji, ta zama maganar gaskiya da amana.

Na san wani zai ce, "Malam, kana raina hadda ke nan? Ai da ita muka tashi." Ko kusa. Hadda taska ce, kuma tilawar Alƙur'ani ibada ce mai lada ko da mai yi bai kai ga sanin fassara ba. Amma mu tuna yadda magabata suka tsara abin. Bayan allo akwai makarantar ilimi a zaure. Ɗalibi ya buɗe Ahalari ko Ishmawi ko Risala, ya karanto gaɓa ɗaya da Larabci, malam ya fassara masa da Hausa, ya ƙara bayani, sannan a ci gaba. Ba a taɓa ba wa mutum fatawa a hannu don kawai ya iya biya baƙi ba. Su sun san furuci mataki ne, ma'ana kuma mataki na gaba. Mu ne a boko muka tsaya a matakin farko muka buga tambari.

Wani kuma zai ce laifin malamai ne. Suna da nasu kason. Amma malamin da ke gaban yara hamsin ko sittin, wanda ba ya jin Hausa, yaushe zai bi kowane yaro ya gano inda ma'ana ta kuɓuce masa? Makaranta kuma kasuwa ce a yau, abin da mai saye ke nema shi ake kasawa. In iyaye suka fara tambayar fahimta, za a fara koyar da ita.

Sai uzurin da ya fi kowanne ƙarfi: "Ni ban yi boko ba, me zan iya?" Hajiya ma ba ta yi ba. Amma tambayarta guda ta bankaɗo abin da takardar sakamakon shekara biyar ta rufe. Wanda bai iya Turanci ba ma ya fi dacewa da wannan aiki, domin ba a iya ruɗarsa da sauti, dole a kawo masa ma'ana. Bayan sallar Isha ka ce wa ɗanka ya karanta maka shafi ɗaya, ya rufe littafin, ya ba ka labarin da Hausa. Ka tambaye shi: wa ya yi, me ya sa ya yi, da kai ne ya za ka yi, me kake jin zai biyo baya? In ya haɗu da kalmar da bai sani ba, ku rubuta ya kai wa malam gobe. In ya ce "ban gane ba", ka sa masa albarka, domin ya faɗi gaskiya, kuma matambayi ba ya ɓata.

Iyaye mata, kada ku yar da tatsuniya. Yarinyar da ta iya faɗin dalilin da ya sa Gizo ya yaudari Ƙoƙi ta riga ta fara aikin fahimta, saura a ɗora shi a kan takarda. A kuma nemo wa yara littattafan Hausa irin su Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Ranar da yaro ya karanta shafi ya fashe da dariya shi kaɗai, ranar ya ɗanɗani abin da ake kira karatu, kuma zai nemi wannan ɗanɗanon a Turanci ma. Makarantun Islamiyyarmu da ƙungiyoyin matasa za su iya ware awa guda a ƙarshen mako don wannan, tabarma da littafi kawai ake buƙata.

Daga baya na samu ƙanena muka yi magana. Na ce masa yaron ya ba mu abin da muka nema ne, bai ci amanar kowa ba. Shekara biyar muna tafa masa a kan sauti, rana ɗaya muka nemi ma'ana, sannan muka yi fushi. In akwai kunya, rabonmu ya fi nasa. Yanzu kusan kullum da dare yana zama wurin kakarsa da littafinsa, yana karantawa yana fassarawa, tana tsare shi da tambaya. Wani lokaci ya gane, wani lokaci ya ce, "Hajiya, nan kam sai na tambayo." Ita kuwa ta ce, "Yawwa maigida, tambayo mana."

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, mu kuma ya ba mu ikon sauke amanarsu.