Hannun Ɗan Dambe a Cikin Aikin Ubangiji

Abin karantawa: 1 Korintiyawa 9:19-27

'Yan'uwa cikin Ubangiji, a cikin ayoyin nan Manzo Bulus ya ɗauko misalinsa daga filin wasa. Mutanen Korinti kuwa ba baƙin wannan magana ba ne, gama kusa da birninsu a kan yi babban taron wasanni kowace shekara biyu, a yi tsere, da kokawa, da dambe. Wanda ya ci, ladansa rawanin ganye ne, kwana kaɗan sai ya yi yaushi. Bulus ya kwatanta kansa da ɗan dambe wanda ba ya zubar da ƙarfinsa a banza, abokin karawarsa kuwa jikinsa ne. Kalmar Helenanci da ya mora a aya ta 27, asalin ma'anarta a naushi mutum a ƙarƙashin ido har wurin ya yi baƙi. Maganar 'yan dambe ce sosai, manzon kuwa bai ji kunyar sa ta cikin wasiƙa zuwa ga ikilisiya ba.

Domin mu gane wannan da kyau, bari mu tuna da wani ɗan'uwanmu mutumin Amurka, George Foreman, wanda ya rasu ran 21 ga Maris, 2025, yana da shekara 76.

An haife shi a Marshall, cikin jihar Teksas, a 1949, ya girma a wata unguwar matalauta ta birnin Houston. Ya bar makaranta tun yana yaro, ya shiga tare mutane a hanya yana ƙwace abin da ke hannunsu. Yana da shekara 16 ya shiga wani shirin gwamnati na koya wa samari sana'a, can ma bai daina dukan 'yan'uwansa ba. Sai wani ma'aikacin wurin, Doc Broadus, maimakon ya sa a kore shi, ya jawo shi ya koya masa damben Turawa, watau wanda a ke yi da safar hannu, turmi turmi, da alƙali a tsakani. Ku riƙe sunan mutumin nan, gama za mu komo kansa.

Daga nan abin ya tafi da sauri. A 1968 ya ci lambar zinariya a wasannin Olamfik na Meksiko. A 1973, a Jamaika, ya kā da Joe Frazier sau shida cikin turmi biyu, ya zama zakaran duniya na ajin masu nauyi. Mutane suna tsoronsa ƙwarai, shi kuma yana jin daɗin tsoron nan. Amma ran 30 ga Oktoba, 1974, a Kinshasa, Muhammad Ali ya jingina da igiya ya bar shi ya yi ta duka har ƙarfinsa ya ƙare, sa'an nan ya kā da shi a turmi na takwas. Kafin ran nan ya yi wasa 40 ba wanda ya fi ƙarfinsa. Rawanin ganye ke nan, bai cika shekara biyu a kansa ba.

A watan Maris na 1977, a tsibirin Puerto Rico, Jimmy Young ya rinjaye shi bayan turmi 12. Da ya koma ɗakin sake tufafi, zafi da gajiya sun galabaita shi, sai ya ji kamar mutuwa ta zo. Shi da bakinsa ya sha ba da labari cewa a cikin duhun nan ya so ya yi ciniki da Allah da kuɗinsa, sai ya gane ba kuɗinsa a ke nema ba, shi kansa a ke nema. Waɗanda ke tare da shi suka ce zafi ne ya buge shi. Mu dai ba mu gina bangaskiya bisa abin da mutum ya gani cikin suma, kada kuma wani a cikinmu ya zauna yana jiran irin wannan kafin ya tuba. Ubangiji ya koya mana a Matiyu 7 mu duba 'ya'yan itace. To, ga su: mutumin ya ajiye dambe shekara goma, ya tsaya a bakin titi yana wa'azi, aka naɗa shi mai hidima a 1978, ya kuma yi kiwon wata ƙaramar ikilisiya a Houston.

Da labarin ya tsaya nan, da ya yi daidai da yadda mu ke son labarin tuba ya kasance. Amma wurin da ya fi ba mu aiki yana gaba.

Foreman ya ɗauka tuba ita ce ya raba kansa da dambe gaba ɗaya. Ƙanensa Roy kuwa yana koya wa yara dambe. Bisa ga yadda Foreman ya ba da labari, wata uwa ta so ya kula da ɗanta, gama ta san yaro zai ji maganar tsohon zakara. Shi kuwa ya ƙi, domin yana ganin mai wa'azi ba shi da abin yi a ɗakin dambe. In yaron yana son taimako, ya zo sujada. Ba a daɗe ba ya tambayi labarin yaron, aka ce masa yana kurkuku saboda fashi.

Ku duba wannan da kyau, 'yan'uwa. Abin da Doc Broadus ya yi masa, shi ne ya hana wa ɗan wani, kuma da sunan tsarki ya hana. Bai yi sata ba, bai yi ƙarya ba, tsaron sunansa kaɗai ya ke yi, kamar firist da Balawe waɗanda suka ratse a hanyar Yariko. Yaron nan ba zai taka ƙofar majami'a ba, amma da ya zo wurin dambe da gudu. Mabuɗin zuciyarsa yana hannun mai wa'azin, mai wa'azin kuwa ya jefar da shi domin ya ga tsatsar zamanin dā a jikinsa. Abin da Bulus ya ke faɗi ke nan daga aya ta 19 zuwa ta 23, inda ya nuna ya mai da kansa kamar mutanen da ya ke nema, ko wane iri ne, domin ya kai su ga ceto. Sau da yawa mu kan karanta maganar horon jiki dabam, maganar neman mutane dabam, alhali a wuri ɗaya manzon ya rubuta su. Jikin da ya ke nausa, domin bishara ya ke nausarsa.

Foreman bai tsaya ga baƙin ciki ba. Shi da Roy suka buɗe gidan matasa a Houston a 1984, da kuɗin da ya tara a dambe. Ya sake ɗaura safar hannu, yana nuna wa yaran unguwa yadda za su tsaya, da yadda za su kāre kansu, da yadda mai ƙarfi ke riƙe fushinsa. Da kuɗin suka kusa ƙarewa, bai so ya yi ta yawon roƙo ba, sai ya koma sana'ar da ya sani, a 1987, yana da shekara 38, jiki ya yi nauyi, mutane suna dariya. Bulus ma a Korintin nan ɗinkin alfarwa ya yi tare da Akila da Biriskila domin kada ya nauyaya wa kowa. Ran 5 ga Nuwamba, 1994, yana da shekara 45, ya kā da Michael Moorer, saurayi mai shekara 26, a turmi na goma, bayan an yi ta cinsa tun farkon wasan. Ya sake zama zakaran duniya shekara 20 bayan Kinshasa. Ana gama ƙirga, ya juya kusurwa ya durƙusa ya yi addu'a a gaban taron.

Wani dattijo zai tambaya, ya dace mai bin Yesu ya ci abinci da dukan mutum? Tambayar tana da nauyi, ba kuwa za mu kore ta ba. Dambe ya lalata ƙwaƙwalwar mutane da yawa, ba mu kuma ce kowane uba ya kai ɗansa can ba. Nasarar 1994 ma ba ita ce shaidar Allah yana tare da shi ba, gama ya faɗi a hannun Evander Holyfield a 1991 yana mai bi kamar yadda ya ke ranar da ya ci. Ba waliyyi ba ne kuma: ya yi aure sau biyar, ko da ya ke aurensa na 1985 ya tsaya har mutuwarsa. Abin da ya fi tabbata a gare mu shi ne ƙiyayya ta fita daga zuciyarsa. Muhammad Ali, Musulmi, wanda ya kunyata shi a idon duniya, ya zama amininsa har Ali ya rasu a 2016. Mu da mu ke zaune ƙofa da ƙofa da maƙwabta Musulmi, ya kamata mu yi tunani a kan wannan.

Yanzu sai ƙungiya ta tattauna, kowa ya faɗi gaskiya. A cikinmu akwai wanda dā makaɗi ne, ko ɗan kokawa, ko ɗan tasha, wanda ya binne abin da ya iya ranar da aka yi masa baftisma? Cikin abin da ya binne, wanne ne zunubi wanda dole a bari, wanne ne kuma baiwa wadda aka yi aikin zunubi da ita kawai? Sa'an nan kowa ya ambaci yaro ɗaya a unguwarsu wanda ba ya zuwa sujada, a rubuta sunayen, a yi addu'a dominsu, a kuma shirya wanda zai je wurin kowannensu kafin Lahadi mai zuwa.