Baƙo da Gizago: Shin Ya Kamata Mai Zaman Baƙunci Ya Kafa Rumfa?

Duk wanda ya san zaman Hausawa a Fatakwal ko Anaca ko Inugu ya san irin maganar da kan tashi idan aka ji ƙarar zarto a bayan gidan mutumin da kowa ya san ba kafinta ba ne. A ɗauka ɗan canji ne, ko dillalin shanu, ko ma'aikacin gwamnati da aiki ya kai shi can, kuma abincinsa bai dogara da katako ba. Kawai sha'awa ce ta sa ya share wani ɗan fili a bayan gida, ya sayo bulo da kwano da ƙusa, ya shiga kafa wa kansa rumfar da zai riƙa sassaƙa a cikinta ranar da babu kasuwa. Wasu za su ce karambani ne, wasu su ce kuɗi ne suka yi masa yawa. Dattawa kuwa tambaya ɗaya za su yi masa, wadda ta fi sauran nauyi: a ƙasar wa kake gini? Wannan tambaya ce muke so mu duba a wannan maƙala, domin a ganinmu ta wuce batun rumfa, ta taɓo yadda Bahaushe ya ɗauki zamansa a wajen ƙasar haihuwarsa.

Kafin mu kai gare ta, ya kamata mu kau da zargin karambani. Bisa ga al'ada, sassaƙa sana'ar gado ce. Masassaƙi yakan tashi ya tarar da gizago a hannun mahaifinsa, ya koyi yadda ake fafe turmi daga ƙirya, da yadda ake fitar da akushi da ƙota da allo da kujerar mata. M. G. Smith, a nazarin da ya yi a ƙasar Zazzau wajen 1950, ya lura cewa Hausawa na bambanta karda, wato sana'ar da aka gada, da shigege, wato wadda mutum ya shiga da rana tsaka, kuma ta farkon ce ke da daraja. Mai sassaƙar sha'awa kuwa ko matsayin shigege bai kai ba, tun da shi ba ya neman ko kwabo. Hasali ma harshenmu bai tanadi kalma guda ga aikin da mutum ke yi da gaske, da gumi, ba don lada ko la'ada ba. Abin da ya fi kusa da bakinmu shi ne aikin banza. Sai dai wannan raini ba shi da tushe mai ƙarfi, domin ya zo a Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariyya, alaihis salam, kafinta ne. Kuma mutumin da ya yini yana ƙirga kuɗin wasu, idan ya so da yamma ya ga wani abu ya fito daga hannunsa, ba mu ga inda ya ci haƙƙin kowa ba. Kafintan unguwa ma ba zai rasa abinci don an yi benci biyu a bayan gida ba.

A wasu ƙasashe wannan sha'awa ba ta jawo ko tambaya. Da Jimmy Carter ya sauka daga shugabancin Amurka a 1981, ma'aikatansa kayan aikin kafinta suka haɗa masa, ya koma garinsu Plains ya yi shekaru yana ƙera kujeru da tebura. To amma shi a filinsa yake, a garin da iyayensa suke kwance, babu ranar da ya kwanta yana tunanin ko gobe za a ce ya tattara ya tafi. Wannan natsuwa ita ce Bahaushen Gabas ba ya da ita, kuma dattawan da suka yi tambayar suna da hujjar da ba za a yi wasa da ita ba.

Hujjarsu tarihi ne. A 1966 an kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, abin da ya zama tabo a kanmu, aka kuma yi ramuwa a kan 'yan Arewa a Gabas, har gwamnatin Ojukwu ta umarci waɗanda ba 'yan yankin ba su fice domin ba za ta iya tsare rayukansu ba. A watan Fabrairu na 2006, bayan tarzomar Maiduguri, wuta ta tashi a Anaca, aka kashe mutane da dama, aka ƙona masallatai da shaguna, jama'a suka tsallaka gada zuwa Asaba ko suka fake a bariki. A 2020 an sake ganin irin haka a Oyigbo, kusa da Fatakwal. A 2023 kuma gwamnatin Jihar Abiya ta ce kasuwar shanu ta Lokpanta, wadda ke kan babbar hanyar Inugu zuwa Fatakwal, za ta koma ta yini kawai, aka rushe wasu gine-gine a wurin da mutane suka daɗe suna kwana. Wanda ya ga waɗannan, ko ya ji su daga bakin mahaifinsa, ba za a kira shi matsoraci ba idan ya ce dukiyarsa ta zama irin wadda za a iya ɗaurewa a loda wa mota cikin dare ɗaya. Shi ya sa da yawa daga zangonninmu a can suka kasance na langa-langa da tamfol, alhali masu su na da gidajen siminti a Kano ko Sakkwato waɗanda ba sa kwana a ciki sai da salla. Baƙo raɓa ne, in ji masu iya magana.

Amma raɓar da ta shekara ɗari ba ta bushe ba, anya sunanta raɓa? An gano kwal a yankin Udi a 1909, aka kafa Fatakwal wajen 1912 don fitar da shi, layin dogo ya haɗa ta da Inugu a 1916, gadar Makurɗi kuma ta sada wannan layi da Arewa a 1932. Tun daga wannan zamani shanu da wake da albasa ke gangarawa, manja ke hawa, mutanenmu na zama. Cikin shekarun 1950 magajin garin Inugu na farko Malam Umaru Altine ne, dillalin shanu mutumin ƙasar Sakkwato, a ƙarƙashin jam'iyyar NCNC, kuma ƙuri'ar mutanen garin ce ta ɗaga shi. A yau akwai waɗanda kakanninsu ma a Diobu ko a Asata aka yanke musu cibiya. Sashe na 43 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar fili a ko'ina cikin Nijeriya, ko da yake mun san tazarar da ke tsakanin takarda da zahiri. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, waɗanda suka fi kowa asara a 1966 su ne suka dawo Sabon Garin Kano bayan an gama yaƙi a 1970 suka ɗora benaye, kuma wannan bai hana su gini a ƙauyukansu ba. Sun yi haka ne alhali da yawansu sun rasa gidajensu a Fatakwal ɗin kanta, inda aka kira su dukiyar da aka yasar. Ke nan sanin asara bai isa ya zama dalilin ƙin gini ba, tun da ga waɗanda suka san ta fiye da mu suna yi.

Yanzu mu koma bayan gidan nan mu ga abin da mai rumfa zai fuskanta, domin a cikin aikin kansa ne muke ganin amsar take. Abu na farko da zai gane shi ne ilimin ginin da ya taho da shi daga gida ba zai fisshe shi ba. Soron ƙasa da azarar giginya ginin inda ruwa ke da ƙa'ida ne. A Fatakwal ruwan shekara ya haura milimita 2,000, ya ninka na Kano sau biyu ko fiye, kuma yakan ɗauki mafi yawan watanni yana zuba. Tilas ya ɗaga daɓensa a kan bulo don kada ambaliya ta shigo, ya yi wa rufin gangare sosai, ya bar bakin kwanon ya zarce bango. Tilas ya shafe gindin ginshiƙai da baƙin mai saboda gara, ya bar tagogi suna kallon juna don iska ta ratsa, in ba haka ba zarto da guduma su yi tsatsa cikin mako. Katakon da ya sayo ma ba zai taɓa shi nan take ba, sai ya jera shi da 'yan sanduna a tsakani ya sha iska, domin ɗanyen katako yakan kumbura da damina ya tsuke da hunturu, har teburin da aka haɗa a laimar Kurmi ya tsage idan ya kwana biyu a Katsina. Zai kuma koyi cewa loko, wanda a kasuwar can ake kira iroko, yana jure ruwa da gara amma yana cin bakin ƙarfe, obece kuwa ga laushi ga rashin nauyi, sai dai bai dace da waje ba.

Wa zai gaya masa duk wannan? Matambayi ba ya ɓata, amma a nan wanda za a tambaya ɗan gari ne: mai sayar da katako a kasuwar timba, da tsohon kafintan da ke ƙarshen layi, da maƙwabcin da ya san ta inda ruwa ke bi idan kwata ta cika. Daɗin daɗawa, idan gidan na haya ne, kamar yadda mafi yawa suke, sai ya zauna da mai gidan ya nemi izini, su yi magana a kan abin da zai faru da rumfar ranar da ya tashi. Sai ya san lokacin da maƙwabta ke barci da ranar da suke zuwa coci, don kada bugun gudumarsa ya zama cutarwa. A shekara ashirin na ciniki, abin da ya haɗa shi da waɗannan mutane bai wuce nawa ne da albarka ba, kuma a ciniki kowa na tsare sirrinsa. A wata guda na gini kuwa ya zama almajirinsu, sun ga kuskurensa sun yi dariya, sun riƙe masa ƙarshen katako, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abner Cohen, a littafin da ya fitar a 1969 kan Sabon Ibadan, ya nuna yadda keɓewar zango ta taimaki Hausawa suka riƙe cinikin shanu da goro. Wannan keɓewa ta tsare jari, ko shakka babu, amma ita ce kuma ta sa ɗan gari ya san mu a matsayin taro, bai san mu ɗaya-ɗaya da suna ba.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa rumfa garkuwa ce. Kujerar Malam Umaru Altine ba ta hana 1966 aukuwa ba, kuma ranar da gari ya rikice masu ɗauke da fetur galibi ba maƙwabtan da suka riƙe maka katako ba ne. Rumfar na iya ƙonewa, ko a rushe ta da takardar hukuma. Abin da muke cewa shi ne akwai asara iri biyu, kuma mun saba ƙirga ɗaya kawai. Ta wuta tana iya zuwa, tana iya ƙin zuwa. Ta jira kuwa kullum ana yin ta: mutum ya shekara arba'in yana zaune a bakin tabarma kamar mai jiran mota, bai dasa itace ba, bai gyara ƙofa ba, duk abin da ya lalace sai ya ce ai tafiya za mu yi. Kuɗin da za a ce ya aika gida maimakon sayen kwano, ba mu musa haƙƙin iyaye da dangi a cikinsu ba, kuma wanda bai sauke wannan ba rumfa ba ta kamace shi ba. Amma yaron da aka haifa masa a can, wanda bakinsa ya fi faɗawa da Ibo da burokin fiye da Hausa, shi ma yana da haƙƙi. Idan ya tashi bai taɓa ganin ubansa ya buga ƙusa ɗaya don gobe ba, darasin da zai ɗauka shi ne nan ba gida ba ne. Idan kuma aka kai shi Arewa da salla, 'yan'uwa su kira shi ɗan Kurmi. Irin wannan yaro shi ne ba ya jin kunyar zuba shara a kwata, kuma ba ya jin zafi idan unguwa ta lalace, domin ba a taɓa nuna masa cewa tasa ce ba.

Akwai kuma wani abu da masu cewa tafiya za mu yi ba su cika son a ambata ba. Musulmi ba ya jinkirta jana'iza, saboda haka mafi yawan waɗanda ajali ya riska a Anaca ko Inugu ko Fatakwal a can ake rufe su, sau da yawa kafin rana ta faɗi. Gidan simintin da ke Arewa yana nan a kulle, ƙasar da aka ƙi kafa wa ginshiƙi ita ce ke karɓar gawar. A irin wannan rana ana buƙatar makara mai ƙwari wadda ba za ta ba da kunya a hanya ba, ana kuma buƙatar itatuwan da za a jera a bakin kabari kafin a mayar da ƙasa, kuma inda ƙasa ke da laima tilas a yanka su daidai da awo. Sai ka ga an tashi yaro da gudu zuwa gidan mutumin nan da aka ce yana karambani, a ce ya zo da zartonsa.