Kafin a Raba Katin Sakamako

Ɗana, bazara ta kai ƙarshe, hadari ya fara haɗowa ta wajen Dutsen Zuma. A makarantun Wambai da sauran unguwannin Suleja an shiga zango na uku, wanda a ƙarshensa ake cewa yaro ya wuce aji ko ya maimaita. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare suna fama da WAEC a Mayu da Yuni, NECO na biye, zuwa ƙarshen Yuli an yi bikin yaye ɗalibai an kulle ƙofa.

Na san halin da kake ciki. Kana sallame Asuba ka nufi tasha, ka bi ta Madalla da Zuba zuwa wurin aiki a Abuja, ba ka dawowa sai yara sun yi barci. Neman halal ne, Allah Ya yi albarka. Amma yaushe rabonka da buɗe jakar makarantar ɗanka? Buɗe ta a daren yau. Ɗauko littafin Lissafi, ka duba ranar da jan biron malam ya taɓa shi na ƙarshe. Idan ka tarar da shafuka fayau tun watan Fabrairu, kada ka ɗaga hannu, kada ka yi tsawa. Zaunar da shi kusa da kai, ka miƙa masa littafin Turanci ya karanta maka shafi guda da ƙarfi. Inda ya yi tuntuɓe, nan aikinka yake.

Sannan ka nemi rana ɗaya ka taka da ƙafarka zuwa makarantar. Kada ka aiki mahaifiyarsa, ta yi nata. Gaishe da malamin ajinsu da mutunci, ka tambaye shi gaskiyar lamarin. Garin nan sunan malamin makaranta yake ɗauke da shi: Sarki Sulaimanu Barau ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya riƙe alli kafin ya hau gadon sarauta a 1944. Bai dace a ce a nan ne uba ba ya sanin fuskar malamin ɗansa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda zai zo maka a ɓoye. Wani zai ce akwai wurin da ake "taimakon" yara a ɗakin jarrabawa, ka kawo kuɗi kaza, kiredit biyar har da Turanci da Lissafi sun tabbata. Ɗana, kada ka bayar. Hukumomin jarrabawa suna riƙe sakamakon wanda suka zarga da satar amsa, wani lokaci su soke shi gaba ɗaya. Ko an tsira daga wannan, yaro ya gani da idonsa cewa ubansa ya biya kuɗi aka yi masa ƙarya. Me za ka ce masa ran da ya ɗauki abin da ba nasa ba?

'Yarka kuma, a sauke mata farantin talla har a gama jarrabawa.

Idan Yuli ta zo malam ya ce yaron ya maimaita aji, kada ka ɗauke shi ka kai wata makarantar don a tsallakar da shi. Bar shi ya maimaita. Kuɗin ankon biki da hoto, rage su ka nemo wanda zai zauna da shi kan karatu a dogon hutu, kafin a koma a Satumba.